TABA TA SAKE RIGA: WA ZAI YI WA ƘANNENMU MAGANA?

A hutun da ya wuce na koma gida Unguwar Mu'azu, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu. Ban ko gama kwance kaya ba sai mahaifiyata ta miƙo mini wata takarda wadda ƙanena ya kawo daga makaranta, ta ce in karanta mata. Yaron shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Takardar kuwa irin wadda kowa ya sani ce ta ƙarshen zango: ranar komawa, da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da irin takalmin da aka yarda a sa, da gargaɗi a kan makara da askin banza, sa'an nan da roƙon kowane yaro ya zo da tsintsiya. An rubuta ta da Turanci tun daga sama har ƙasa. Na karanta, na fassara, ta ce madalla. Ina cikin ninke takardar ne idona ya faɗa kan wani ɗan abu ruwan ɗorawa, tsawonsa bai kai rabin biro ba, an jona shi da wayar caji kusa da rediyonta. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce ai turaren ƙanenka ne, na zamani, wai sai an yi masa caji yake ba da ƙamshi. Ita da kanta ta jona masa shi da aka kawo wuta, don kada ya taso daga Islamiyya ya tarar an ɗauke.

Abin nan taba ce ta sake riga. Shi ne Turawa ke kira vape, masu sayarwa kuma su ce shisha pen, watau biron shisha. Tun daga ran nan abubuwan nan biyu ba su bar zuciyata ba: ga takarda daga makaranta wadda ta tuna da tsintsiya amma ba ta ambaci wannan abu ko da kalma ɗaya ba, ga kuma uwa mai tsananin kula da 'ya'yanta tana yi wa taba caji da hannunta don ba wanda ya taɓa gaya mata kamanninta. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin karewa a nan, shi ne cewa hanyar da iyayenmu suka bi suka tsare mu daga taba ta riga ta mutu, ba abin da ya rage mana sai magana, magana kuwa ba ta yiwuwa a kan abin da ba a san sunansa ba, ba a kuma san siffarsa ba.

Bari mu fara duba wace hanya ce ta mutu. Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san taba gari wadda ake haɗawa da kanwa a ƙunsa a baki, sun san lofe, sun san buƙi, mata kuma sun san fure wanda suke goge haƙori da shi a haɗa da goro don ado. Daga baya sigari ya shigo, har Kamfanin Taba na Nijeriya ya kafa masana'anta a Zariya a 1959, manoma suka riƙa noma masa ganye. Amma a duk tsawon wannan zamani taba tana da wani aibi guda wanda ya zama alheri ga iyaye, watau ba ta iya rufa wa mai shanta asiri. Tana barin wari a riga da baki, tana ƙona leɓe, tana rina yatsa, tana bukatar ashana, tana barin toka da guntu. Yaron da ya fara satar sha sai ya nemi kango ko bayan gari, in ya gama ya tauna ɓawon lemo ko alewa mai yaji, duk da haka da ya durƙusa gaida mahaifiyarsa hancinta ya kama shi. Ko bai kai gida ba, dattijon da ya gamu da shi a lungu yana da ikon ya ƙwace, ya kuma kai ƙara, domin a lokacin ɗa na kowa ne. Ashe hanci shi ne ɗan dokan gida, shi ya sa iyaye ba su ga wata bukatar zama da yaro a yi masa bayanin taba ba. Ana jira ne a ji wari, a yi faɗa, magana ta ƙare.

To, masu ƙera wannan sabon abu sun kori ɗan dokan nan daga aiki. A cikinsa akwai ƙaramin batir, da wata siririyar waya wadda ke yin zafi idan an zuƙa, da ɗan auduga da ke jiƙe da wani ruwa. Zafin wayar ne ke mai da ruwan ya zama wani farin hazo wanda ake shaƙa zuwa huhu. Ruwan kansa haɗi ne na wasu sinadarai biyu masu kauri, gilisarin da furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da kuma nikotin, wanda shi ne sinadarin da ke ɗaure mashayin sigari ya kasa bari. Ba wuta, ba toka, ba wari. Abin da ke tashi ƙamshin mangwaro ne ko kankana ko na'ana'a, ya kuma ɓace kafin a waiwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 ire-iren ƙamshin da ake zubawa sun kai 16,000. Siffarsa kuwa wani kamar biro, wani kamar filashin kwamfuta, wani kamar kwalbar jan baki. Akwai wanda ake ƙara wa ruwa, akwai na sha-ka-yar, wanda ake rubuta yawan zuƙarsa a jiki, daga ɗaruruwa har dubbai. Yaro na iya zuƙa a bayan aji, ya fesa cikin hannun rigarsa, malami na rubutu a allo bai san abin da ake ciki ba. Wani abin lura kuma, yarinyar da ko a mafarki ba za ta riƙe karan sigari ba, don ta san abin da za a kira ta, ba ta jin nauyin karɓar wannan a ɗakin ƙawa ran biki. Shisha ce ta fara buɗe wannan ƙofa, wannan kuwa ya fi ta sauƙin ɓoyewa.

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gaskiya ne, amma a wannan batu abin ya juye: yaro na riƙe da abu a tafin hannunsa, babba na kallo bai san abin da yake gani ba.

Yana da kyau mu san asalin abin, domin tarihinsa na cikin abin da za mu gaya wa yara. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. Shi kansa mashayin sigari ne, ciwon dajin huhu kuma ya kashe mahaifinsa, saboda haka nufinsa shi ne ya samo wa manya hanyar rabuwa da hayaƙi. Sai dai kasuwa ba ta tsayawa inda mai ƙirƙira ya tsaya. A 2015 aka fito da wani samfuri a Amurka mai suna Juul, siriri kamar filashi, wanda aka sarrafa nikotin ɗinsa ta yadda ba ya kartar maƙogwaro ko da an zuba da yawa. Wannan dabara ita ce ta kawar da katanga ta ƙarshe, domin a da tari da shaƙewar zuƙar farko su ke korar yara da yawa daga sigari. Kamfanin da kansa ya ce nikotin ɗin da ke cikin ɗan kwanson ruwa guda ya yi daidai da na kwalin sigari mai kara 20. Ba a daɗe ba abin ya cika makarantu. A watan Disamba na 2018 babban likitan gwamnatin Amurka ya kira shi annoba a tsakanin matasa, a cikin wannan wata kuma kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 cikin 100 na Juul a kan dala biliyan 12.8. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan: mai sayar da tsohuwar taba ne ya zuba wannan dukiya a cikin sabuwa. A 2019 binciken gwamnatin ƙasar ya nuna kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare suna sha, a makarantun midil kuwa, watau tsaran ƙanena, kashi 10.5 ne. A 2022 kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 438.5 ga jihohi fiye da 30 don kashe maganar zargin da aka yi masa na tallata hajarsa ga yara.

Amurkawa ba su zauna ba. Sun ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21 a ƙarshen 2019, sun matsa wa kamfanoni, makarantunsu kuma suka dinga aika wa iyaye takardu da hotuna, ana koya musu yadda za su gane abin da yadda za su ɗauko zancen da 'ya'yansu. Zuwa 2024 adadin 'yan midil masu sha ya sauko zuwa kashi 3.5 cikin 100. Indiya ta hana sayar da shi ɗungum a 2019. Birtaniya ta hana na sha-ka-yar daga 1 ga Yuni, 2025. Duk da haka a watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu sha a duniya sun haura miliyan 100, daga ciki aƙalla miliyan 15 yara ne 'yan shekara 13 zuwa 15. Mu kuwa mun sani tun ba yau ba, hajar da aka kora daga wata kasuwa ba ta komawa gida, wata kasuwar take nema inda ba a tsaron ƙofa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce ai muna da doka. Lalle akwai Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. A 2018 ma Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya yi shelar hana taba mai ƙamshi, musamman shisha. To, amma wanda duk ya taɓa tsayawa gaban mai tebur a Tudun Wada ko Kabala West ya san inda dokar kara-kara ta kwana. Dokar da ta kasa hana abin da ake yi a fili da rana tsaka, yaya za ta yi da abin da ake yin odarsa ta waya, ɗan acaɓa ya kawo shi cikin leda? Mun kuma ga yadda muka yi da kodin: shekara da shekaru yara na kwankwaɗa, kowa ya kau da kai, sai da BBC ta nuna mana kanmu a 2018 sa'an nan gwamnati ta hana. Ban ce a bar neman gyaran doka ba. Abin da na ce shi ne yaron da ke aji biyu bana zai gama makaranta kafin doka ta iso layinsu.

Saura magana ke nan. A nan ne kuma muke da rauni, mu Hausawa, ta wata fuska wadda ba mu cika son a taɓa ba. Tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya da kawaici. Uba ba ya hira da ɗansa, umurni yake bayarwa. Uwa ba ta ko faɗin sunan ɗanta na fari. Yaro ba ya haɗa ido da babba, balle ya yi masa tambaya. Ban raina wannan tsari ba, domin waɗanda suka gina shi ba wawaye ba ne, sun bar ƙofofi. Abin da uba ba zai faɗa ba, kaka za ta faɗa cikin wasa. Abin da uwa ke jin nauyi, gwaggo ko kawu zai ɗauka. Taubashi kuma ya gasa maka gaskiya ana dariya. Zaman birni ne ya toshe ƙofofin. A unguwa irin tamu, inda gidaje da yawa na haya ne, kaka na can ƙauye, kawu na Legas, maƙwabci kuma yana tsoron ya tsawata wa ɗan wani a kai shi ofishin 'yan sanda. Kunyar ta tsira, ƙofofin sun tafi. Yaro ya rage daga shi sai abokai sai waya, su kuwa ba sa jin kunyar gaya masa kome.

Makaranta ce ya kamata ta cike wani ɓangare na wannan giɓi, musamman ƙaramar sakandare. Waɗannan shekaru uku, daga 12 zuwa 15, su ne lokacin da yaro ke fita daga hannun uwa ya shiga hannun tsara, lokacin da kalmar aboki ta fi ta uba nauyi a kunnensa. Makarantu kuwa suna da hanyar isa ga kowane gida: ga takardar ƙarshen zango, ga taron iyaye da malamai, ga kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ga kuma zauren WhatsApp wanda yanzu kusan kowace makaranta ke da shi. Me ya sa duk waɗannan ba su ɗauke da kome sai kuɗi da takalmi? A ganina dalili biyu ne. Na farko, malaman kansu da yawa ba su san abin ba. Wanda ya ƙwace shi a hannun yaro sai ya jefa a aljihun tebur tare da wayoyi da ƙwallaye. Na biyu ya fi muni, watau tsoron ɓacin suna. Mai makarantar kuɗi yana ganin in ya rubuta wannan a takarda iyaye za su ce makarantarsa ta lalace, su kwashe 'ya'yansu. Saboda haka in an kama yaro sai a yi masa bulala gaban taro, ko a kore shi a ɓoye, sauran iyaye ba su ji ba, ba su gani ba. Yaron da aka kora kuwa ba gida yake zama ba, bakin titi yake komawa, inda ake sayar da abin da ya fi wannan, daga wiwi har sholisho. An tsare sunan makaranta, an ba da yaro.

Abin da ake bukata bai kai wahalar da ake tsammani ba. Layi huɗu sun isa, da Hausa da Turanci, tun da unguwar ta tara kowa, tare da hoton abin. A ce: "Iyaye, ku duba wannan hoto. Taba ce, ko da yake tana ƙamshin 'ya'yan itace. An fara ganinta a hannun yara tsaran naku a garin nan. In kun gan ta kada ku yi duka, ku zo mu yi shawara." A aika da shi da murya a waya saboda waɗanda ba su yi boko ba. A ranar taro kuma a kawo abin kansa, ya zaga hannu-hannu, iyaye mata su taɓa, su sansana. Kada a ambaci sunan ɗan kowa. Liman da fasto da mai unguwa su ma a kai musu su gani, don ranar da za su yi wa jama'a gargaɗi su san abin da suke magana a kai.

Sai kuma abin da za a gaya wa yaron, a nan ne nake so in ja hankalinmu ƙwarai, domin mun saba da tsoratarwa, tsoratarwa kuwa tana da ɗan gajeren rai. In ka ce wa yaro wanda ya zuƙa sau ɗaya zai haukace ko ya mutu, gobe zai ga abokinsa da ya shekara yana sha yana buga ƙwallo lafiya lau, daga nan kuma ba zai sake yarda da maganarka ba, har a kan abin da ka faɗi gaskiya. Gaskiyar ita ce hukumomin lafiya na Ingila suna ganin abin bai kai sigari illa ba, har suna ba manyan da suka kasa barin sigari shawarar su koma kansa. Yaro mai waya zai ci karo da wannan magana, gara ya fara jin ta daga bakinka. Amma waɗannan hukumomi su ne kuma suka ce wanda ba ya shan sigari kada ya fara, yara kuwa ko kusa. Sandar da aka ba gurgu don ya dogara, mai ƙafa biyu ba ya karya ƙafarsa don ya samu.

Illar da aka tabbatar ta isa, ba sai an yi ƙari ba. Nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya sa ta saki sinadarin jin daɗi, in an maimaita sai ta saba, ta riƙa nema. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa yaro ya fi babba saurin kamuwa, abin kuma yana taɓa natsuwa da riƙe karatu da iya danne fushi. Farin hazon da yara ke kira tururi ba na ruwa ba ne; an sami ɓurɓushin ƙarafa a cikinsa, irin su dalma da nikel, waɗanda ke fita daga wayar da ke zafi. Ruwan kansa guba ne in ƙaramin yaro ya samu ya sha. Daɗin daɗawa, kwanson ba ya zaɓen abin da za a zuba masa. Tsakanin 2019 da Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807 a Amurka da wani ciwon huhu, 68 suka mutu, aka gano mafi yawansu sun sha ruwan da aka haɗa da man wiwi ne wanda 'yan kasuwar bayan fage suka gauraya da wani mai. Wanda aka miƙa wa abu a bayan aji, ina ya san abin da ke ciki?

Ni dai da na gane abin da ke jone kusa da rediyon Inna, abin da ya fara zo mini shi ne in nemo wayar wuta. Allah ya sa yaron ba ya nan, kafin ya dawo zuciyata ta sauka. Bayan sallar isha'i na ce ya raka ni shan shayi, muka bi ta wajen babban titin Nnamdi Azikiwe muna tafe muna hira, don na lura yaro ya fi sakin baki in ba a fuskantarsa. Na fito da abin na ce, "Koya mini yadda ake amfani da wannan." Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba, can ya ce, "Wallahi Yaya ba taba ba ce, tururin mangwaro ne kawai." Ba ƙarya yake yi mini ba, abin da aka gaya masa ke nan, ya kuwa yarda. Su biyar ne suke karo-karo da kuɗin tara su saya, kowa ya kwana da shi rana ɗaya. Na haska masa fitilar waya a jikin abin, ya karanta da bakinsa inda aka rubuta nikotin kashi 5 cikin 100. Na tambaye shi yaya yake ji ran da ba shi ke da kwana ba. Ya ce ran nan ba ya iya zama a aji, kowa haushinsa yake ji.

Zancen ciwon da zai zo bayan shekara 40 bai motsa shi ba ko kaɗan. Ɗan shekara 13 bai san akwai shekara 40 ba. Abin da ya shige shi shi ne da na nuna masa cewa wannan haushi da yake ji ba kuskure ba ne, shi ne ainihin abin da aka sayar masa, wani yana can wata ƙasa ya zuba mangwaro a kan ƙugiya don kuɗin tararsa ya riƙa tafiya wurinsa kullum. Yaro ba ya son a ce an mai da shi wawa. Na kuma gaya masa tun da wuri cewa in ya bari zai sha ciwon kai da ƙunci, makon farko ya fi tsanani, sa'an nan abin ya riƙa sauka cikin 'yan makonni, don kada ya ɗauka wani ciwo ne ya same shi. Wanda abin ya riga ya yi wa nisa, a kai shi ga likita, ba abin kunya ba ne. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya nan a Barnawa, ba sai an bar gari ba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne me zai ce wa sauran huɗun, muka tsaya muka nemo masa amsar da ba za ta sa a yi masa dariya ba. Wannan hira ba mahaifinmu ne zai iya yin ta ba, ba kuwa don ba ya ƙaunarsa ba. Mu yayye, mu da muke tsakanin zamani biyu, mu ne ƙofar da ta rage, kusan kowane ɗaya daga cikin masu karanta wannan mujalla kuwa yana da ƙane ko ƙanwa a wannan tsara.

Akwai kuma wani aiki wanda ya rataya a wuyan wannan sashe namu musamman, watau suna. Mun sha karantawa a aji cewa suna linzami ne. Da cutar nan mai karya garkuwar jiki ta zo, tsohuwar kalmar ƙanjamau aka ɗauko aka laƙaba mata, nan da nan na birni da na ƙauye suka gane abin tsoro ne, har daga baya masana suka ga sunan ya yi wa masu ciwon nauyi suka nemi a sauya. Wannan ya nuna ƙarfin suna ta kowace fuska. Masu sayar da wannan abu sun san haka, shi ya sa suka guje wa kalmar taba kamar wuta, suka ce tururi, suka ce biro, suka ce ƙamshi. In muka ari sunansu muka Hausantar da shi kawai, mun taya su talla. Na ji wasu kafofin labarai na cewa sigarin lantarki, ban ƙi ba, amma ni na fi son tabar lantarki, domin kalmar taba ta zo da kayanta: kowace tsohuwa ta san ta, kowane yaro ya san ba a shanta gaban manya. Masanin kimiyya zai ce ai babu ganyen taba a ciki. Amsata ita ce mafi yawan nikotin ɗin daga ganyen tabar ake tatso shi, romon nama kuwa ba ya zama ruwan rijiya don an tsame tsokar. Ina roƙon malamanmu su kai wannan batu gaban Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da gidajen rediyo, a tsai da kalma ɗaya, a kuma samo mana yadda za mu faɗi nikotin da kamuwa da shi ta hanyar da Inna za ta gane ba tare da an yi mata lacca ba. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ma tana iya fassara wa makarantun unguwanninmu irin takardar can kyauta kafin 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya. Aikin yini ɗaya ne.

Da za ni dawo makaranta Inna ta hana ni jefar da abin. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ce ranar taron iyaye da malamai za ta tafi da shi, ta nuna wa matan layinmu tun a hanya, in an ba da damar tambaya kuma ta ɗaga shi sama ta tambayi shugaban makaranta ko ya san mene ne. Ta ce in rubuta mata sunansa a takarda da manyan baƙaƙe don kada ta manta. Na juya bayan takardar nan ta ƙarshen zango, na rubuta mata: TABAR LANTARKI.